Ingilishin Fatake: Kalmar Rise, Da Bambancin "Ya Tashi" Da "An Ɗaga"

A wannan fitowa za mu tsaya ne a kan kalma ɗaya ta Ingilishi, wadda duk mai kai dabbobi Nijeriya ko Bamenda ba ya kwana uku bai ci karo da ita ba, ko a waya ko a takarda. Kalmar ita ce rise. Na ce Ingilishi ban ce Turanci ba, don mu nan Bangi in ka ce Turanci, wani sai ya ɗauka Faransanci kake nufi.

Wani zai ce, mu da ke Miskin da Kilomita Biyar, ga Sango ga Faransanci ga Fillanci, me ya kai mu ga Ingilishi? To ai shanunmu ba a nan suke tsayawa ba. Wanda ya bi hanyar Buwar ya tsallaka Garwa-Bulai, ya ratsa Maiganga da Ngaundere da Garwa har ya faɗa Mubi, Hausa za ta kai shi. Ko a karar Agege da ke Ikko ma Hausa ake yi. Amma mai sayen da ya fito daga Anacha ko Fatakwal, da takardar mai tirela, da saƙon banki, da sammacin kotu, duk da Ingilishi suke zuwa. Kuma yawanci a kan kuɗi suke magana.

Da farko ga yadda kalmar ke juyawa. Ana cewa rise, a furta ta rayiz, don abin da ke faruwa kullum ko wanda zai faru. In ya riga ya wuce sai a ce rose, a furta roz. In aka sa has ko have a gabanta sai ta koma risen, a furta rizin. In abin yana cikin faruwa, rising ke nan. Babu wata kalma wai ita rised, ko da kun ji yaran tasha suna faɗa.

Prices rise before Sallah. Kuɗin kaya kan tashi kafin Salla.
The price rose last week. Kuɗi ya tashi makon jiya.
The price has risen. Kuɗi ya riga ya tashi.
The price is rising. Kuɗi yana ta hawa.

Tushen ma'anarta shi ne abu ya bar ƙasa ya yi sama da kansa. Rana ta fito, the sun rose. Hayaƙi ko ƙura ta tashi, the dust rose. Mutum ya miƙe daga zaune, he rose, ko da yake a maganar yau da kullum sun fi cewa he got up ko he stood up.

To ga inda gizo ke saƙar. Wannan kalma tana da 'yar'uwa mai kama da ita, wato raise, a furta reyiz, wadda ke juyawa raised a duka wurare biyu. Harafi ɗaya ne ya raba su a rubuce, amma a ma'ana akwai rata. Rise abu ne ya tashi, ba a ambaci hannun kowa ba. Raise kuwa wani ne ya sa hannu ya ɗaga. Waɗanda suka ɗan taɓa nahawu a Islamiyya ba za su sha wuya a nan ba. Rise fi'ili lazimi ne, fa'ilinsa ya ishe shi, ba ya neman maf'uli. Raise muta'addi ne, dole a faɗi abin da aka ɗaga. Kamar ƙama da aƙama ke nan, ko irtafa'a da rafa'a. Da Hausa ma haka muke yi: tashi daban, tayar ko ɗaga daban. Filani kuma suna da ummaago da umminugo. Saboda haka ba baƙon abu ba ne gare mu.

Abin da ke ruɗa mutanenmu, a ganina, Faransanci ne. Bafaranshe da kalma ɗaya yake aikin biyu: le prix a augmenté, kuma il a augmenté le prix. Wanda kunnensa ya saba da wannan, in ya shiga Ingilishi sai ya ce he rose the price, wanda kuskure ne, ko ya ji an ce raised ya ɗauka duk ɗaya ne da risen. Ingilishi ma yana da kalma mai yin aikin biyu, ita ce increase. Ana cewa the price increased, ana kuma cewa he increased the price. Wanda ya rasa wadda zai ɗauka tsakanin rise da raise, ya kama increase, ba zai faɗi ba.

Amma mu ba jarrabawa za mu zauna ba, kuɗi muke tsaro. Ku dubi waɗannan jimloli biyu:

The fare has risen.
I have raised the fare.

A ta farko mai mota yana gaya maka kuɗin mota ya tashi, kamar dai ruwan sama ne ya sauko, ba laifin kowa. A ta biyu ya amsa da bakinsa cewa shi ya ƙara. Ɗan kasuwa mai wayo ba zai taɓa rubuto maka ta biyu ba, ta farko zai rubuto ko da shi kaɗai ya ƙara a duk tashar. Maganinsa tambaya ɗaya ce: Who raised it? Wa ya ɗaga? In ya ce ƙungiyar masu motoci ce, sai a nemi takardar ƙungiya. In ya ce man dizal ne, sai a tambayi direbobi biyu ko uku a ji ko kowa ya ƙara. In ya fara kame-kame, ka san akwai wurin neman ragi. Haka nan in aka ce the levy was raised, wato an ɗaga haraji. Duk inda ka ga was raised ko has been raised, akwai mai hannu a ciki, sunansa ne kawai aka ɓoye, kuma harajin da aka ɗaga bisa doka ba ya rasa rasit.

Jaridun Nijeriya na 2023 sun isa misali. Ranar 29 ga Mayu na shekarar Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. Wata jarida za ta rubuta petrol price rises, wata ta rubuta NNPC raises petrol price. Labari ɗaya ne, amma ta biyu ta nuna maka mai hannu. Za ku kuma ga kalmar hike a manyan kanun labarai, ita ma ɗagawa ce, mai tsanani.

Sai kuma wasu ƙananan kalmomi biyu da ke bin bayan rise, waɗanda na fi so a kula da su fiye da duk abin da ke cikin wannan darasi: by da to. Rise by yana faɗin abin da aka ƙara a kan na da. Rise to yana faɗin inda kuɗin ya tsaya yanzu. A ce kuɗin ɗaukar sa ɗaya daga Mubi zuwa kudu naira 40,000 ne. In saƙo ya ce it has risen to 50,000, ƙarin 10,000 ne kawai, za ka biya 50,000. In ya ce it has risen by 50,000, to ka shirya 90,000. Bambancin 40,000 ke nan a kan kowane kai. In tirela ta ɗauki shanu 30, naira 1,200,000 ce ke rataye a kan kalma mai harafi biyu. Wanda bai ji sosai a waya ba, kada kunya ta hana shi cewa: By or to? Ko ya ce: From how much to how much? Daga nawa zuwa nawa? In an ba ka lamba biyu, ta da da ta yanzu, babu sauran ruɗu. Kuma a nemi a rubuta da lamba. Ko tsakaninmu Hausawa akwai irin wannan tarko, tun da jaka a wajen masu sefa 1,000 ce, a Kano kuwa naira 200.

Manyanmu ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa a taron Dakar. Kafin ranar, faran ɗaya na Faransa sefa 50 ne, aka wayi gari ya koma sefa 100. Da Ingilishi sai a ce the French franc rose from 50 to 100, ko it rose by 50, ko kuma it rose by 100 per cent, wato ya ninka. Amma in ta wajen sefa aka duba, cewa za a yi the CFA fell by 50 per cent. Abu ɗaya ne ya faru, wannan ya ce 100 bisa 100, wancan ya ce 50 bisa 100, kuma duk gaskiya suka faɗa. Dalili shi ne ana auna tashi daga ƙaramar lamba, ana auna faɗuwa daga babba. Saboda haka san da ya tashi da kashi 50 cikin 100, sa'an nan ya faɗi da kashi 50 cikin 100, bai koma inda ya fito ba. Na 400,000 ya hau 600,000, ya sauko 300,000. Kishiyar rise, rose, risen ita ce fall, fell, fallen, a riƙe su tare.

Akwai ta uku, wato against, wadda 'yan canji suka fi amfani da ita. The dollar rose against the naira, dala ta tashi a kan naira, ma'ana naira ta yi rauni. A Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta yanka mata farashi. Dalar Amurka da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 700 cikin watan, a farkon 2024 kuma ta wuce 1,500. Sefarmu tun 1999 a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, saboda haka ita ma ta tashi a kan naira. Wanda ya ji the CFA has risen ya yi murna, sai ya fara duba aljihunsa ya ga wane kuɗi yake riƙe da shi. A ce ka sayar da shanu na naira 10,000,000 bisa ajali lokacin da naira 1,000 ke ba da sefa 800, kana sa ran sefa 8,000,000. Kafin a biya ka ta koma 500. Abin da za ka kawo gida 5,000,000 ne, ba wanda ya cuce ka ko sisi, amma miliyan uku sun tafi. Shi ya sa cattle prices have risen in Lagos rabin labari ne. Sauran rabin yana wajen ɗan canji.

Yanzu bari mu juya ta ɓangarenmu. Kalmar tashi ta Hausa ta fi rise faɗi nesa ba kusa ba, kuma a nan ne masu fassara kalma da kalma suke ɓarna. Mu muna cewa kasuwa ta tashi, muna nufin an watse kowa ya kama gabansa. In ka rubuta wa mai saye the market has risen, shi abin da zai fahimta shi ne farashi ya hau. Wani yaron falke ya taɓa aika wa abokin cinikin maigidansa irin wannan saƙo da yamma, yana nufin an tashi sai gobe. Mutumin ya ɗauka za a tsuga masa kuɗi, ya je ya sayi shanunsa a hannun wani. Abin da ya kamata yaron ya ce shi ne the market has closed. Haka kuma tirela ta tashi daga Mubi ba rose ba ne, the trailer has left Mubi ake cewa. Mota ta ƙi tashi, the lorry will not start. Jirgin sama ya tashi, the plane has taken off. In ka gama lissafi kana tambaya nawa ya tashi, cewa za ka yi how much does it come to? Maƙwabci ya tashi daga unguwa, he has moved. Sango ma da londo haka take yi, a miƙe da ita a kuma kama hanya da ita, don haka mu nan tarkon ya zama biyu. Wuri ɗaya da suka dace da Hausa daidai shi ne kotu da majalisa: the court rose, kotu ta tashi. In kuma aka ce all rise, umarni ne kowa ya miƙe alƙali zai shigo.

Ruwa ma da rise yake tafiya. The river is rising, kogi yana cikowa. Mutanen Bangi sun ga wannan a Oktoban 2019 da Ubangi ya cika ya shiga unguwannin bakin ruwa, ya raba dubban mutane da gidajensu. Masu bin hanyar Nijeriya kuma su riƙa sauraren labarin madatsar Lagdo da ke kusa da Garwa. In aka ce an saki ruwa, the Benue will rise, kuma abin ba ya tsayawa a Yola. A 2012 da 2022 ruwa ya shafe hanyar Lakwaja, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye. Kowa ya san abin da kwana uku a cikin tirela ke yi wa sa. Wanda ya ji rising water level a rediyo cikin Satumba ko Oktoba, ya tambayi hanya tukuna kafin ya yi lodi.

A wajen likitan dabbobi za ku ji ta ta fuska biyu. The temperature has risen, zafin jiki ya hau. Na lafiyayyar saniya yana tsakanin 38 da 39 a ma'aunin zafi, in ya haura 39.5 ana zargin zazzaɓi, kuma a kan iyaka wannan kan iya sa a tsare garke duka don tsoron ciwon huhu ko boru. Ta biyu, the cow cannot rise, saniya ta kasa tashi. In ku kuka kama wutsiya da ƙaho kuka tayar da ita, wannan raise ne ko lift. Ga mai saye akwai bambanci babba tsakanin it rose da we raised it, don dabbar da sai an tayar da ita kuɗin mahauta gare ta. A nan rise kan zama suna ma: a rise in cases, ƙaruwar masu kamuwa, ko theft is on the rise, sata tana ƙaruwa.

Ita raise tana da wasu ma'anoni da ba su da alaƙa da ɗagawa sama. To raise cattle shi ne kiwon shanu. In jami'i ya tambaye ka do you raise them or buy them, yana so ya san ko makiyayi ne kai ko falke, amsarka kuma tana iya canza irin takardar da zai nema. To raise money shi ne haɗa kuɗi, ba ƙara kuɗi ba. Mai saye in ya ce give me two weeks to raise the money, ba alkawarin ƙari ya yi maka ba, gaya maka yake yi ba shi da kuɗin a hannu sai ya nemo. Wannan sai a riƙe shanu, ko a karɓi kafin alƙalami mai kauri. Raise your offer kuwa ita ce albarka ta Ingilishi, wato ƙara tayi. To raise a matter shi ne tayar da magana a taro.

Akwai ƙanwarsu ta uku, arise, arose, arisen. Ba ta shafi farashi ba, matsala ce ko magana ke ɓullowa. A takardun yarjejeniya kuke ganinta: if any dispute arises, in wata rigima ta taso. Duk abin da ya biyo bayan wannan jimla a karanta shi sau biyu, don a nan ake faɗin kotun da za a je ko wanda zai yi sulhu. Mutumin Bangi da ya sa hannu a kan cewa rigima sai a kotun Aba, ya san kuɗin motar da ya ɗaura wa kansa. Haka any loss arising from delay, duk hasarar da jinkiri ya jawo. A duba wa aka ɗora wa ita, mai mota ko mai shanu. Give rise to kuma ma'anarta haddasa.

Sai a kula da furuci kaɗan. Rise da z take ƙarewa, rice da s, ita ce shinkafa. Ba abin dariya ba ne ga wanda ya tuna rufe iyakokin Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, wanda fasa-ƙwaurin shinkafa na cikin manyan dalilansa. A gaban ɗan kwastan a fito da z ɗin sosai. A kudu kuma da Bamenda ba lalle ka ji has risen ba, broka za a yi maka: price don rise, ko e don go up, ko dem don add money. Ta ƙarshen nan raise ce, tun da akwai dem a ciki, sai ka tambaya su wane ne.

Ga aikin gida. A ce ɗan'uwanka yana Mubi da shanu 25, kuɗin mota a da naira 35,000 ne kowane kai, sai waɗannan saƙonni suka shigo wayarsa daga mutane uku:

The fare has risen to 45,000 per head.
The union has raised the fare by 20 per cent.
I need one week to raise the balance.

A faɗi jimlar abin da zai biya a saƙo na farko, da abin da zai biya a na biyu, da kuma wanda daga cikin biyun yake da damar neman a nuna masa takarda. A na uku a faɗi ko ya saki shanun ko ya riƙe. Wanda ya yi ya miƙa wa magatakardan ƙungiya kafin fitowa ta gaba, tare da sunansa da unguwarsa.